TSOFAFFIN KALMOMIN AURE: DAGA LEFEN KABA ZUWA JERIN AKWATUNA

Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan mujalla tamu in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni ba malamin jami'a ba ne, ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa da shadda, iyakar karatuna Islamiyya da abin da na tsinta a bakin manya. To amma wanda ya yi shekara talatin yana yanka wa masu aure yadi, ai ba zai rasa abin cewa a kan aure ba.

Kwanakin baya wani saurayi ya zo rumfata a Kasuwar Wuse, ya buɗe wayarsa ya nuna mini jerin kayan da aka rubuto masa daga gidan su yarinyar da yake nema. Atamfa turmi kaza, leshi kaza, shadda kaza, takalma da jakunkuna kowanne da mahaɗinsa, da akwatuna saiti biyu. Muka yi lissafi, sai na ga gumi yana keto masa alhali fanka tana kaɗawa. Ya ce mini wannan ne karo na biyu da aka ɗaga ranar bikin saboda kayan ba su haɗu ba. Na ce masa, "Samari, shin ka san mene ne lefe?" Ya ce, "Baba, ai akwatuna ne." Na ce, "To sadakin fa, nawa aka yanka?" Wallahi sai da ya yi shiru yana tunani kafin ya tuna. Abin da aure ba ya ɗauruwa sai da shi ya manta adadinsa, abin da ko babu shi aure ya yi shi ne ya hana shi barci wata takwas.

Tun daga ranar na ƙudura zan zauna in tattaro tsofaffin kalmomin aure na Hausa, in bi asalinsu gwargwadon sanina, domin yaranmu da aka haifa a nan Abuja su san abin da suke faɗa. Na san kowane gari da irin tasa al'adar. Ta Kano daban, ta Katsina daban, ta Zazzau da Sakkwato da Maraɗi kowacce da inda ta sha bamban. Zan tsaya a kan abin da aka fi tarayya a kai.

AURE DA AMARYA

Mu fara da uwar kalmomin. Mu mutanen Kano da Zariya muna cewa aure, amma in ka je ƙasar Sakkwato da Gobir za ka ji ana cewa amre, wasu ma su juya shi su ce arme. Masana harshe sun tabbatar amre ita ce tsohuwar, daga baya harshen gabas ya sassauta ta ta koma aure. Shaidar haka tana bakinmu kullum ba mu lura ba, wato kalmar amarya da jam'inta amare da amarci. Ka ga "m" ɗin nan da ta ɓace a aure tana nan daram a amarya. Ashe Basakkwace da muke yi wa dariya shi ya riƙe ta asali.

Idan mai karatu ya kasa kunne zai ga kalmomin aurenmu zubi biyu ne. Akwai na gado, irin su lefe da gara da toshi da kamu da baiko da yaji da biko. Akwai kuma waɗanda suka zo da Musulunci daga Larabci, irin su sadaki da waliyyi da wakili da shaidu da siga da walima da idda. Wannan rabon ba ƙaramin amfani gare shi ba, domin kusan duk abin da shari'a ta wajabta za ka same shi a zubi na biyu, al'adu kuwa suna a zubi na farko. A makarantar Islamiyya an karantar da mu cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani cewa aure yana ƙulluwa ne da waliyyi da sadaki da shaidu biyu adalai. Lefe ba ya cikin lissafin, haka ma gara.

DAGA ZANCE ZUWA BAIKO

A da, saurayi yakan ga yarinya ne a dandali ko a kasuwa ko wurin talla. In ta kwanta masa, ba ya zuwa gaba gaɗi. Zai aika da 'yar kyauta ta hannun wata tsohuwa ko ƙanwarsa, wannan shi ne na gani ina so. Sunan ma ya fassara kansa. In an karɓa, an ba shi ƙofa ke nan ya fara zuwa zance, shi da abokinsa, a zaure ko a ƙofar gida inda kowa ke ganinsu. Abin da yake ɗan miƙa mata in za su rabu shi ne kuɗin zance. Toshi kuwa kyauta ce ta neman shiga, wadda ake kai wa yarinya lokaci-lokaci, mafi girmanta toshin salla, wato zane da kallabi da ɗan turare da ake kai mata kafin idi.

Akwai wata al'ada ta wancan zamani da ake kira tsarince ko tsarance, inda yarinya kan je ta kwana wajen saurayinta bisa sharaɗin ba abin da zai faru. Malamai sun yaƙe ta har ta mutu, kuma mun gode Allah da mutuwarta. Na kawo ta ne don kada wani ya ɗauka duk abin da ke tsoho mai kyau ne.

Idan magana ta yi ƙarfi sai manya su shigo. Iyayen saurayi, galibi baffanninsa, su je da goro da kuɗi wajen waliyyan yarinya, wannan ita ce gaisuwar iyaye, wasu su ce gaisuwar uwa da uba. Ana raba abin ga dangi, kowa ya ɗan taɓa, domin duk wanda ya ci goron ya zama shaida cewa an yi wa 'yarsu miji. Daga nan sai baiko ko baiwa, daga kalmar bayarwa, wato an ba shi ita, an rufe ƙofa ga sauran manema. Sai sa rana, inda ake kai goro da alawa a tsayar da watan biki. Yawanci akan kai shi bayan kaka, sa'ad da rumbu ya cika, aka sayar da gyaɗa da auduga.

Goron nan ma yana da tarihinsa. Ƙwaryar goro ɗaya ɗari ce cif, huhu kuwa babban ƙunshi ne na ganye da fatake ke ɗaurowa. Kakanninmu fatake da jakuna suke tafiya wata da watanni zuwa Gwanja, su sari goro a kasuwar Salaga ta ƙasar Gana ta yau, su kai kanwa da tufafin Kano. Zangunan Hausawa da ke Kumasi da sauran garuruwan can daga irin wannan fatauci suka samo tushe. Saboda wahalar samunsa ne goro ya zama abin girmama mutum, har kalmar ta koma nufin tukuici. Yau a Wuse katin gayyata da saƙon waya sun maye gurbinsa, amma har gobe muna cewa goron gayyata.

SADAKI DA WURI

Sadaki daga Larabci yake, kuma haƙƙin mace ne ita kaɗai. Aya ta 4 a Suratun Nisa'i ta yi umarni a ba mata sadakinsu da daɗin rai. Uba ba shi da rabo a ciki, haka waliyyi, sai abin da ita ta bayar don kanta. A mazhabar Malikiyya da muke bi, mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne na zinariya ko dirhami uku na azurfa. Dinari ɗaya nauyinsa giram 4.25 ne, ka ga rubu'insa ya ɗara giram ɗaya da kaɗan. Shi ya sa malamai ke sanar da sabon adadi duk lokacin da farashin zinariya ya motsa. Ba a yi wa mafi yawansa iyaka ba, sai dai an kwaɗaitar da sauƙaƙawa.

Da me kakanninmu ke biyan sa? Da wuri. Wuri shi ne ɗan ƙwanson nan fari na teku, kuma jam'in wuri shi ne kuɗi. Ka ji inda kalmar kuɗi ta fito, wadda muke kwana muna tashi da ita a kasuwa. Wuri dubu ana ce masa zambar, shi ya sa tsofaffi ke cewa zambar goma, zambar ashirin. Wuri 20,000 kuwa shi ne keso, da sunan tsohuwar tabarmar da ake ƙunshe shi a ciki. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya rubuta cewa a lokacin wuri 2,500 ake canzar da dala ɗaya ta azurfa. Ke nan keso guda dala takwas ne. Mutum ya tuna irin aikin ƙirga wuri zambar arba'in a zaure, biyar-biyar, a gaban shaidu.

Da Turawan mulkin mallaka suka ci ƙasar Hausa a 1903, sannu a hankali suka kashe wuri suka kawo nasu kuɗin. Nan muka sami fam da sule da sisi da taro da kwabo da ɗari da anini. Sule ashirin fam ɗaya, kwabo goma sha biyu sule ɗaya, anini goma kwabo ɗaya. Iyayenmu da fam aka yanka musu sadaki. Ranar 1 ga Janairu 1973 aka kawo naira, aka canzar da fam ɗaya a naira biyu. Kuɗi ya canza suna sau biyu, amma ma'aunin shari'a bai motsa ba, yana nan a rubu'in dinarinsa.

LEFE

Yanzu ga amsar tambayar da na yi wa saurayin nan. Lefe wani ɗan kwando ne da ake saƙawa da kaba, wanda mata ke zuba auduga da mazari da alli a ciki in za su yi kaɗi. Duk wanda ya tashi a gidan da kaka ke kaɗi ya san shi. A cikin irin wannan ɗan kwandon ake shirya wa amarya tufafinta a kai gidansu, sai sunan mazubin ya koma sunan kayan. To jama'a, kaya nawa lefen kaba zai ci? Zane biyu ko uku, da kallabi, da mayafi, da 'yan kayan ado, shi ke nan ya cika.

Zannuwan ma na gida ne. Akwai saƙi, akwai tsamiya, akwai barage mai jan alharini, akwai bunu, akwai gwado na lulluɓa. Masu hali su sa turkuɗi mai ƙyalli irin na Kura, wanda Buzaye ke ƙetaro Sahara su saya. Auduga tamu, masaƙa namu, marina namu irin na Ƙofar Mata, mabuga namu. Kayan ado su ne jigida da murjani da warwaro da munduwa, da tandu na zuba kwalli. Kuɗin lefen mutum ɗaya yakan zaga gidan manomi da mai kaɗi da masaƙi da marini da maƙeri kafin ya tsaya.

Daga lefe aka koma adudu, wato babban kwando mai murfi. Daga adudu aka koma fantimoti da akwatin ƙarfe a zamanin Turawa, sai kwalla, babbar roba ko kwano mai murfi da muka gani da idonmu muna yara. Daga nan sai akwatunan saiti masu taya. Kowane mazubi ya fi na bayansa girma, kuma ba a kai shi da rabi, sai an cika. A lokacin da masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, da sauran masaƙun da suka biyo ta a Kaduna da Kano, atamfa ta yi araha har talaka ya iya sa turmi biyar ko shida. Da masaƙun suka durƙushe, babbar cikinsu UNTL ta rufe a 2007, sai muka koma dogaro da kayan waje da ake saye da dalar Amurka. Yawan kayan da al'ada ke nema ya ƙaru, kuɗin kowane turmi ya ninka, samun saurayi kuwa bai bi su ba. Ni mai sayar da atamfa ne, cinikin lefe shi ne rabin abincina, amma gaskiya ɗaya ce, abin ya wuce gona da iri.

LALLE DA KAMU DA KAI AMARYA

Idan rana ta matso sai a sa amarya a lalle. Farkonsa shi ne kamu. Yarinya takan gudu ta ɓuya da ƙawayenta a gidan wata gwaggo ko maƙwabta, sai wata tsohuwa ta bi sawu ta kama ta, ta shafa mata lalle ko ta fesa mata turare, wasu wuraren nono. Da an yi haka sai ta fashe da kuka, ƙawaye su taya ta. Kukan nan yana da dalili, domin yarinya ce za ta bar ɗakin uwarta. Matar da ke kula da wankan amarya da ƙunshinta ita ce arwanka, wasu su ce alwanka. A da amarya kan yi kwana bakwai a lalle, ana yi mata ƙunshi da zunguru, wato dogon ƙoƙon duma da ake zura hannu a ciki, tsofaffi kuma suna yi mata faɗa a kan zaman gidan miji. Daga bakwai aka dawo uku, daga uku aka dawo wuni guda. Yau kamu ya zama taro a babban ɗakin haya da kujeru da mai ɗaukar hoto, amarya ta shigo da rawa, ba wanda ya gudu balle a kama shi.

Ranar ɗaurin aure maza ke taruwa a ƙofar gidan waliyyi ko masallaci. Wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, wannan neman da bayarwar ita ce siga. A faɗi sadaki a fili, a ce an biya ko ajalan ne, liman ya yi addu'a a shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, a raba goro. Minti goma ya isa. Duk sauran kwanakin biki rakiya suke yi wa wannan minti goman.

Da dare a yi wa amarya wanka a kai ta, a da bisa doki ko a ƙafa, mata na guɗa. Akan haɗa ta da wata ƙaramar yarinya daga danginta mai ɗebe mata kewa da yi mata aike, ita ce 'yar zaman ɗaki. Abokan ango su zo sayen baki, domin amarya ba ta magana sai an biya, babbar ƙawa da babban aboki su yi ta ciniki ana raha. Bayan kwanaki a yi buɗar kai, a yaye mata lulluɓi a gaban dangin miji, ta fara shiga harkar gida. Shari'a ta ba budurwa kwana bakwai, bazawara kwana uku, kafin a koma rabon kwana in akwai uwargida. A wannan ɗan lokaci ne ake cewa amarya ba ta laifi.

JERE DA GARA

Kada iyayen maza su ɗauka su kaɗai ke ɗauke da kaya. Jere shi ne shirya ɗakin amarya, kuma a wuyan iyayenta al'ada ta rataya shi. A da ƙore ne da akussa da taskira da faya-fayi da tukwane, da gadon kara da tabarma. Sai tasoshin tagulla, sai kwanonin langa da samira da fanteka da ake jerawa tun daga ƙasa har rufin ɗaki, sai gadon ƙarfe mai rumfa, sai tangaran a cikin kabad. Uwa takan fara tarin kwanon 'yarta tun yarinyar tana talla, da ribar tallan da kuma adashi. Kwanon nan dukiyar mace ce, in ta shiga matsi ta ɗauki ɗaya ta sayar.

Gara kuwa abinci ne da iyayen amarya ke kaiwa gidan ango bayan biki, shinkafa da gero da man shanu da manja da daddawa da kuka da kuɓewa da gishiri, da kayan zaƙi irin su alkaki da nakiya da dubulan. Hikimarta ita ce ango ya gama kashe abin hannunsa, a tallafa wa sabon gida ya tsaya da ƙafarsa. Taimako ne na ganin dama. Yau ta zama bashi. Na san wani maƙwabcinmu a nan Abuja, ƙaramin ma'aikaci, da ya sayar da filinsa na gado a garinsu don kujeru da firji da buhunan gara, auren kuma bai kai shekara ba. Ya rasa fili, 'yarsa ta dawo gida, har yau ba ya son a ta da zancen.

IRE-IREN AURE DA KALMOMIN RABUWA

Hausawa sun sa wa kowane irin aure suna. Auren zumunta na 'yan'uwa ne. Auren sadaka shi ne uba ya ba malami ko wani mutumin kirki marar hali 'yarsa don Allah, ya ɗauke masa komai, wani lokaci har sadakin shi zai biya masa. Auren ɗauki sandanka, wanda ake kuma ce wa jeka da kwarinka, shi ne mace na zaune a gidanta miji ke zuwa. Auren kisan wuta shi ne wanda ake shiryawa don matar da aka yi wa saki uku ta halatta ga mijin farko, kuma shari'a ta haramta shi. Auren dole ma sunansa ya isa bayani.

A cikin gida akwai uwargida da amarya, akwai kishiya daga kalmar kishi, akwai mowa da bora. In rai ya ɓaci mace ta tafi gidansu, ta yi yaji ke nan, miji ya bi ta da ban haƙuri, wannan shi ne biko, daga kalmar bi. In abin ya ƙi sai saki, ta yi idda tsarki uku, ta shiga zawarci. Wadda mijinta ya rasu ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Namijin da ya taɓa aure ya rabu gwauro ne, wanda ya girma bai taɓa yi ba tuzuru ne, kuma da azumi masu tashe ba sa raga musu. Mai karatu ya lura, tsakanin yaji da saki kakanninmu sun gina matakala, akwai baffa da kawu da liman da mai unguwa da za su shiga tsakani. A nan Abuja da yawanmu mun baro waɗannan mutane a gida.

Wanda ke son ƙarin bayani, an rubuta abubuwan nan. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana da yawa daga cikin kalmomin. Akwai labarin Baba ta Karo, wata dattijuwa da ta ba Mary Smith tarihin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ta bayyana aurarrakinta huɗu da bukukuwan zamaninta dalla-dalla. Akwai kuma littafin tarihin Abuja ta dā, wato Suleja ta yau, na Alhaji Hassan Dallatun Abuja da Malam Shu'aibu Na'ibi, wanda ya kawo al'adun Hausawan da suka taso daga Zazzau, waɗanda Abu Ja ya kafa wa gari a 1828.

SU MA TURAWA HAKA

Wani ɗana da ya karanta Turanci a jami'a ya ga ina wannan rubutu, sai ya ba ni wani bayani da ya ba ni mamaki. Ya ce kalmar da Ingilishi ke kiran bikin aure da ita, wadda yaranmu ke cewa wedin, ta fito ne daga tsohuwar kalmarsu wedd, ma'anarta jingina ko alkawarin da aka ba da abu a kansa. Ka ga kusan baikonmu ke nan. Kalmarsu ta miji kuma, husband, asalinta kalmomi biyu ne masu nufin gida da mazauninsa, wato maigida sak. Ta matar aure, wife, da can mace kawai take nufi, kamar yadda mu ma muke cewa matar wane.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne wata kalma tasu da ta mutu, morgengifu, wato kyautar safiya. Dukiya ce da ango ke ba amarya washegarin aure, kuɗi ko dabbobi ko gona, ta zama mallakarta. Tana cikin dokokin Sarki Ethelbert na Kent tun wajen shekara ta 600 Miladiyya. Daga baya al'adar ta shuɗe, kalmar ta bi ta, har aka kai zamanin da dukiyar matar aure a Ingila ke komawa hannun mijinta. Sai a 1870 da 1882 majalisarsu ta yi dokokin da suka mayar wa matar aure ikon mallakar abinta. Bikin ya rage musu da farar riga da kek, haƙƙin macen kuwa sai da aka yi ƙarnoni kafin ya dawo. Wannan ya isa ishara gare mu da muke rige-rigen kwaikwayon dina da fati muna mance sadaki.

MU A NAN WUSE

Mu baƙi ne a wannan wuri. Gwarawa muka tarar, kuma mutanen tsohon ƙauyen Wuse an tashe su zuwa Sabon Wuse a Jihar Neja bayan da gwamnatin Janar Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976. Da aka dawo da gwamnati nan ranar 12 ga Disamba 1991, muka yi ta kwararowa, Bakano da Bakatsine da Bazazzagi da Basakkwace da mutanen Nijar. Kowa ya zo da al'adar garinsu. Maimakon a zaɓi mai sauƙi, sai aka tara su duka a biki ɗaya, aka ƙara da na maƙwabta da na Turawa, ga anko ga dina ga kuɗin hayar wurin taro. Yaron da ke kwana a Nyanya ko Mararaba ko Kubwa yana biyan haya da kuɗin mota, shi ake so ya yi bikin 'ya'yan Maitama. Sakamakon muna ganin sa, samari sun kai arba'in ba aure, 'yan mata sun cika gidaje, waɗanda aka yi kuma an fara su da bashi.

A Kano sai da gwamnati ta shigo ta hannun Hukumar Hisba, aka fara auren zawarawa a 2012, a 2023 ma aka ɗaura aure 1,800 a zubi ɗaya. Mu nan ba mu da mai yi mana haka, ƙungiyarmu ce gatanmu. Saboda haka ina ba shugabanninmu shawara uku. A zauna da limamai da iyaye mata, domin su ne masu riƙe da lefe da gara, a amince da iyakar da ba za a kunyata wanda ya tsaya a kanta ba. A riƙa faɗa wa amarya sadakinta a damƙa mata a hannu, kada a narkar da shi a kuɗin girki. A kuma naɗa dattawa uku ko huɗu da za su tsaya a matsayin baffa da kawu ga ma'auratan da danginsu ke nesa, don yaji ya riƙa samun mai biko.

Saurayin nan da na faɗa muku, na ce ya turo mini baffansa, muka je tare muka sami mahaifin yarinyar bayan sallar la'asar. Ashe shi ma bawan Allah gara ce ta hana shi barci, yana jin kunyar faɗa. Aka yafe wa juna, aka tsaya a akwati uku, aka ɗaura aure a watan da ya biyo baya. Na yi asarar cinikin turmi ashirin, kuma ban yi nadama ba.

Inda na yi kuskure, dattawa da iyayenmu mata su gyara mini a fitowa ta gaba, musamman kalmomin garuruwan da ban ambata ba. Allah Ya ba 'ya'yanmu abokan zama nagari, Ya sa albarka a gidajenmu, amin.